Shekara Biyu a Aji Huɗu

Shekara goma sha huɗu ke nan ina gadi a wata sakandaren gwamnati ta jeka-ka-dawo da ke bayan Hammadu Kafi, can inda gidaje suke ƙarewa gonaki su fara. Da na kama aiki ko katanga babu, ginshiƙai biyu ne kawai da ƙofar ƙarfe a tsakaninsu. Awaki suna shiga ta ko'ina, ni kuma ina tsaron ƙofa. Daga baya aka zagaye makarantar, aka kuma kafa doka cewa ba a barin get ko na minti ɗaya daga bakwai saura na safe har shida na yamma, lokacin da mai gadin dare yake karɓata. A nan nake salla, a nan nake cin abinci. Daga bencina ina ganin allon sanarwa, da bayan ginin 'yan aji ɗaya, da kusurwar ofis. Filin wasa yana can baya, sai dai in ji hayaniyarsa.

Babbar 'yata ta yi shekara uku tana wucewa ta wannan get, babu malami ɗaya da ya san tawa ce. Ba ɓoyewa na yi don wani abu ba. 'Yar fari ce, mu kuma a gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya yabonsa, ba ya nuna shi a cikin mutane. Haka mahaifina ya yi da yayana har ya koma ga Allah. Ana yaye ta Dada, wato mahaifiyata, ta ɗauke ta zuwa ƙauyenmu a hanyar Dukku, ba ta dawo Gombe ba sai da ta isa aji huɗu na firamare. Da za ta shiga sakandare ƙanena ne ya kai ta, sunansa aka rubuta a rijista. Kowace safiya takan ce, "Ina kwana, Baba," in ce, "Lafiya," ina kallon wani wuri. Duk yaran makarantar Baba suke kirana, don haka ba wanda ya lura.

Mutum ɗaya ce ta sani, mai awarar da ke suya a gindin katanga kusa da ni. Unguwarmu ɗaya. Babarbariya ce, ni kuma Bafulatani, saboda haka tana ganin tana da ikon gaya mini duk abin da ya zo bakinta.

A zango na biyu na aji uku aka yi gasar gidaje, wadda yara ke kira inta-haus. Tun safe nake buɗe wa motoci da babura. Wajen la'asar na ji filin ya ɗauki ihu irin wanda ban taɓa ji ba. Mai awara ta bar mini kaskonta ta ruga ta leƙo, ta dawo tana haki.

"Bafulatanina, tashi ka yi rawa! 'Yarka ta cinye gudun zagaye ɗaya. Ta biyu tana can baya kamar an ɗaure mata ƙafa."

Na ce, "Awararki na ƙonewa."

"Ka ji shi! Ai ku ko ɗanku ya zama gwamna sai ku ce ba ku san shi ba. To ta gaji gudu dai, tun da kakanninta guje wa Barebari suke yi."

Na yi dariya, na juya mata baya. Amma a ranar na yi ta buɗe get ina rufewa ba tare da na ji nauyin ƙarfen ba.

Bayan sun gama jarrabawar aji uku, wata rana malamin wasanni ya zo fita a kan babur, ya goyo wani malami. Ina kiciniya da kwaɗo suna hira. Na ji yana cewa ya riga ya gaya wa Bais, wato mataimakiyar shugaban makaranta mai kula da karatu, duk masu gudu a sa masa su a ajin Ats. 'Yan Sayans suna shiga lab, wato ɗakin gwaje-gwaje, Talata da Alhamis da yamma, daidai lokacin atisaye, shi kuma ba zai ƙara asarar mai gudu a wajen kwalabe ba. Ya ce musamman doguwar yarinyar nan ta gidan shuɗi. Na san wadda yake nufi. Na buɗe musu, na ce a sauka lafiya. A lokacin ban san bambancin ajin Sayans da na Ats ba. A ganina aji aji ne, malamai kuma sun fi ni sanin inda ya dace da yaro.

A shekarar nan ne na shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi a wata firamare a Malam Inna, Asabar da Lahadi, ranakun da nake hutu. Na yi wata biyar, na san baƙaƙe, ina iya haɗa kalmar Hausa in ba a gaggauta ni ba. Ana cikin dogon hutu magatakardan makaranta ya zo ya liƙa takardu uku a allon sanarwa, sunayen waɗanda suka shiga aji huɗu, kowa da ajinsa. Ya ce, "Baba, a kula da su, kada yara su yage."

Da makaranta ta yi shiru na matsa na sa yatsa ina bi layi-layi. Sai da na kwana biyu ina nema. A takarda ta biyu, wajen tsakiya, na ga baƙin farko na sunanta, na haɗa sauran a hankali. Wannan ne karo na farko da na karanta sunanta da idona. Na waiwaya in ga ko wani yana kallona, na koma benci na zauna.

A ƙasan kowace takarda akwai wasu layuka huɗu na Turanci da ƙananan baƙaƙe. Na gwada, ba su haɗu ba. Malamai suna shigowa jefi-jefi a cikin hutun, da na tambayi ɗaya daga cikinsu da ya karanta mini a tsaye. To amma zai ce me ya dame ni da takardar 'yan aji huɗu, ni kuma sai in nuna sunan. Na bari. Damina ce, iska takan ɗaga takardun, sai na samo farar leda na rufe su, na ƙara musu ƙusoshi. Mako biyar ina kula da su. Ita kuwa tana ƙauye wurin Dada, kamar kowane hutu.

Ranar da aka koma makaranta ta zo da sabon hijabi, ta gaishe ni, ta shiga cikin cincirindon da ke gaban allo. Ina kallonta ta gefen ido. Ta daɗe a tsaye bayan sauran sun watse. Da aka tashi ta fita ba ta yi mini sallama ba.

Kwana uku ban ji komai ba. Ran na huɗu ina wanke hannu bayan tuwo uwarta ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Yarinyar Dada ba ta cin abinci." Ita ma ba ta kiran sunan.

Na ce, "Ba ta da lafiya ne?"

"Wai ajin da aka sa ta ba a zama nas da shi. Ita kuma tun tana wurin Dada abin da take faɗa ke nan."

"To ta gaya wa malamansu mana."

"Ta gaya musu. Sun ce a ƙasan takardar an rubuta, duk wanda makinsa na lissafi da kimiyya ya kai, in yana son canji ya zo da mahaifinsa kafin hutu ya ƙare. Nata ya kai har ya wuce." Ta ɗauki kwanon ta miƙe. A bakin ƙofa ta ƙara da cewa, "Ta tambaye ni wai wa ya sa wa takardar leda."

Na ci gaba da wanke hannun da na riga na wanke.

Daga get zuwa ofishin Bais taku sittin ne, na sha ƙirgawa da ido. Tana zuwa bakwai da rabi ta tashi ƙarfe biyu, ni kuma ba na barin get sai shida. Abin da nake da shi kawai shi ne lokacin da motarta take wucewa ta gabana. Ranar farko na buɗe, na ɗaga hannu, na ce, "Ranki ya daɗe." Ta sauke gilashi ta ce, "Baba, ya aiki?" Na ce, "Da godiya." Ta wuce. Washegari tana waya. Wata rana akwai malamai biyu a motar. Wata rana kuma ita kaɗai ce, ta ma tsaya tana jira wani keke ya kauce, maganar ta zo mini har maƙogwaro, sai na ji kaina ina tambayar lafiyar yara.

Mai awara tana ganin duk wannan.

"Yau ma ba ka faɗa ba?"

"Tana sauri."

"Saurin me? Ai har ka tambayi lafiyar kajinta. Bari ni in shiga in faɗa."

"Kul! Ba ruwanki."

"To zauna. In ta gama makaranta sai ku buɗe get ɗin tare."

Ba wasa take yi ba a wannan karon.

A waɗannan makonni na fahimci yadda makarantar take, bayan shekarun da na yi a bakinta. 'Yan Sayans ba a taɓa su. In an ji baƙi za su zo daga ma'aikatar ilimi, 'yan Ats ake fitarwa su shafa wa duwatsu farar ƙasa. Su ke zana layin fili da toka. Su ke wasan kwaikwayo ranar ba da kyaututtuka, su ke rawar gargajiya. Ba na ce ba a koya musu komai ba. Suna da malamin adabi mai son aikinsa, ina jin muryarsa har get yana karanta musu waƙa, kuma a cikinsu akwai masu son zama lauya ko aikin rediyo, suna jin daɗin ajinsu. Amma ita ba can take so ba. Wata Laraba na ga an jero 'yan mata a bayan ginin 'yan aji ɗaya suna koyon rawar Fulani da ƙorai a ka. An sa ta a gaba saboda tsawonta, kuma ita kaɗai ta san yadda ake ɗaukar ƙwarya ba a riƙe ba. Tana yi daidai, fuskarta kuwa kamar mai jiran layi a asibiti. A daidai lokacin 'yan Sayans suka wuce zuwa darasi da littattafansu. Ba ta juya ta kalle su ba.

Sai a mako na bakwai na je gidan mai gadin dare a Nasarawo na roƙe shi ya riƙe mini get na awa ɗaya ranar Alhamis da hantsi. Dattijo ne, bai tambaye ni dalili ba. Ranar Laraba bayan an koma aji daga hutun ƙarfe tara na yagi takarda daga littafina na yaƙi da jahilci na rubuta sunanta. Sau uku ina sakewa kafin baƙaƙen su tsaya a kan layi.

Ban taɓa shiga ofishin ba sai ranar. Na cire takalmi a ƙofa, ta ce in mayar. Ta nuna mini kujera, na tsuguna a gefenta.

"Baba, lafiya? Wa ke get?"

"Abokin aikina, ranki ya daɗe. Magana ce a kan wata yarinya 'yar aji huɗu."

"Wacce? Me ta yi maka?"

Na miƙa mata takardar da hannu biyu. Ta karanta, ta ɗago.

"Wannan ai mai gudunmu ce. Rashin kunya ta yi maka?"

"A'a. Ta gidana ce."

"Riƙonta kake yi?"

Na kalli ƙasa. Na ce, "Ni na haife ta."

Ta ajiye biro. Ta ce, "Shekara uku, Baba? Kullum ina wuce ka?" Sai ta ce, "'Yar fari ce ko?" Na gyaɗa kai. Mutanenta 'yan kasuwa ne daga wajen Katsina, amma a Gombe ta girma, ta san mu.

Na gaya mata komai, har da ledar. Ta sa aka kawo fayil, ta duba makin aji uku, ta girgiza kai. Ta ce da na zo a cikin hutu da ko minti biyar ba za a ɗauka ba. Yanzu an yi gwaji na farko, an aika sunayen kowane aji ma'aikata, ajin Sayans kuma ya cika har wasu suna zama a ƙasa. Ba ta da ikon taɓa komai a wannan shekarar.

"Baɗi fa, ranki ya daɗe?"

"Baɗi tana aji biyar. Ba a shiga Sayans a aji biyar, an wuce ta da shekara guda."

Na ji ana buga ƙararrawa a waje. Ta tashi ta tura ƙofa, ta dawo ta rage murya.

"Akwai hanya ɗaya, amma ba ni na gaya maka ba. Wanda ya maimaita aji huɗu ana sake raba shi da sababbi, kuma da makin aji uku ake rabawa. Sai dai wanda ya ci jarrabawa ba ya maimaitawa. Sai wanda ya faɗi."

"To ai ba za ta faɗi ba. Tana da ƙoƙari."

"Na sani, Baba. Shi ya sa na ce ba ni na gaya maka ba." Ta mayar mini da takardata. "Kuma in tana kawo wa makaranta kofi, ko sifili ta ci sai an tura ta gaba. Ka gane?"

Na gane. Na koma get, na sallami dattijo tun awar ba ta cika ba.

Wannan magana ba ta aike ba ce. Ban iya ba uwarta ta kai mata ba. Ranar Talata bayan atisaye na bari sauran yara suka fita, da ta zo wucewa na ce, "Ke, dakata." Ta tsaya da takalman gudu a hannu. Da mai gadin dare ya zo na tura kekena muka kama hanya, ni a gaba ita a baya kaɗan. Ban taɓa tafiya da ita a titi ba. Sai da muka wuce masu faci na fara magana, ina kallon sitiyarin keke. Na faɗa mata abin da Bais ta ce, ban rage ba.

Ta ce, "Wato in zauna in rubuta abin da na san ba daidai ba ne."

"Ko ki ci gaba a inda kike. Malamin adabinku yana yabonki, na ji."

"Gudun fa?"

"Shi ma sai kin bari."

Muka yi tafiya mai ɗan nisa. Wani ɗan acaɓa ya yi mana hon muka kauce.

"Baba, da ka ga sunana a takardar, ka gane shi?"

"Na gane."

"Kai da kanka ka karanta?"

"Ni da kaina."

"To me ya sa ba ka tambayi na ƙasan ba?"

Na ce, "Laifina ne." Ban taɓa faɗa wa wani ɗa nawa haka ba. Ba ta ce ta yafe ba. Da muka zo kwanar gida ta ce, "Zan maimaita."

Zangon farko ya ƙare kafin ta fara, ta zo ta uku a aji, saboda haka sai ta faɗi sosai a sauran biyun kafin jimilla ta sauko. Abin da ban yi tunani ba shi ne tsawon lokacin. Na ɗauka rana ɗaya ce za ta miƙa farar takarda a wuce wurin. Ashe wata bakwai ne, kowane mako da gwajinsa da aikin gidansa.

Ta fara da gudu. Ta ce wa malamin wasanni gwiwarta na ciwo. Ya kai ta wurin mai ɗori da kansa, mai ɗori ya ce bai ga komai ba. Zuwa lokacin labari ya bazu a ɗakin malamai cewa 'yar mai gadi ce. Ya zo ya kafe babur a gabana.

"Baba, ashe kai ne surukin gidan shuɗi ba mu sani ba! To ka yi mata magana. Gasar jiha saura wata ɗaya."

"Ta ce ƙafarta, Malam."

"Ƙafarta lafiya lau, jiya na gan ta tana tsallake kwata. Ka san abin da gudu zai yi mata? Akwai waɗanda suka samu aikin ɗamara da shi. Ko kai ne ka hana, kana ganin ba tarbiyya ba ce?"

"Ban hana ba."

"To wa ya hana?"

Na ce Allah ya ba shi haƙuri. Ya ce haƙuri ba ya cin kofi, ya tayar da babur. Mutumin kirki ne a hanyarsa, yakan sayo wa yaransa lemo da ruwa daga aljihunsa, kuma ya yi imani alheri ya yi mata. Har yau gaisuwarmu ba ta wuce ɗaga hannu.

Malamin adabi ya fi ba ni wahala, don shi da tausayi ya zo. Ya kawo takardar gwajinta ya nuna mini. Tambaya biyar, ta amsa ɗaya, sauran fili.

"Baba, yarinyar nan ta san amsar nan. A aji ita ke gyara wa wasu. Ka bincika a gida. Ko wani yaro ne yake ɗauke mata hankali? Ko waya aka saya mata?"

"Zan bincika, Malam."

"Kada ka yi mata duka. Ka zaunar da ita."

"To, Malam."

Na riƙe takardar ina kallon filin da ta bari. Ni a lokacin ina fama da haɗa jimla ɗaya a ajin Asabar, malaminmu yana cewa in daina danna fensir kamar mai huɗa. Na mayar masa da ita na yi godiya. Ya tafi yana ganin ni uba ne da bai damu ba, ban kuma da hanyar gyara wannan.

An yi mata bulala sau biyu a gaban asambuli tare da waɗanda ba sa aikin gida. Daga get ba a ganin wurin, amma ana jin ƙirgen. Ƙawayenta suka fara ja da baya. A gida takan aro littafin kimiyya na 'yar maƙwabta ta kwafa bayan la'asar, ta ɓoye shi a ƙarƙashin katifa kamar kayan sata. Sau ɗaya, ana tsakiyar zango na uku, uwarta ta ce mini ta same ta a bayan ɗaki ta ɗaura takalman gudu tana zaune kawai.

Ranar da aka yi inta-haus ta wannan shekarar ba ta zo makaranta ba. Mai awara ba ta je leƙe ba ita ma. Ta zuba mini awara huɗu a takarda ta ce, "Ci, kafin ka rame a ce Barebari ba sa ciyar da bayinsu."

Akwai kuma abin da ke cina wanda ban gaya wa kowa ba. Maganar Bais a baki take, babu ita a takarda. Ana yi wa malamai canjin wurin aiki a kowane lokaci. Duk safiyar da motarta ta makara sai in yi ta leƙen titi. In aka ɗauke ta, wanda zai zo zai ga yarinya ce da ta faɗi warwas a ajin Ats, wa zai kai ta Sayans? Da na jawo mata asarar shekara da gudu da mutunci a banza. Ban iya tambayar Bais ba, don ta ce ba ita ta gaya mini ba. Ita ma ba ta ƙara tayar da maganar ba. "Baba, ya aiki?" "Da godiya."

A ƙarshen shekara aka ce duk wanda ya faɗi sai mahaifinsa ya sa hannu a sakamakonsa. Malamin ajinsu ya kawo mini har get, ya taho da tawadar dangwale. Na ce ya ba ni biro. Takardar duk ja ce, a ƙasa an rubuta kalma ɗaya da manyan baƙaƙe, ya ce ma'anarta ta maimaita. Na ɗora a gwiwa na rubuta sunana. Ya ce, "Ashe Baba ka iya." Na ce ina koyo.

Ba a ɗauke Bais ba. Amma a wannan hutun ba a liƙa sunayen masu maimaitawa ba, an ce sai ranar komawa za a kira su a asambuli. Yarinyar ba ta je ƙauye ba, Dada ta yi ta aike.

Ranar komawa ta shiga tare da yaran da ta girma da shekara, ta fi kowa tsawo. Wasu 'yan ajinsu na da, waɗanda yanzu suke aji biyar, suna tsaye a bakin get. Ɗaya ta ce, "A'a, Anti, an dawo ɗaukar ƙanne?" Suka kwashe da dariya. Ta wuce abinta. Na ji an yi asambuli, na ji ana kiran sunaye amma iska ba ta kawo su daidai ba. Daga nan makaranta ta yi tsit. Ginin 'yan aji huɗu yana bayan ofis, ba na ganin ƙofofinsa. Na yi azahar a bakin get, ban san ajin da take ba.

Ƙarfe biyu aka tashi. Sai da kusan kowa ya fita ta taho. Ta tsaya a gabana, abin da ba ta saba yi ba.

"Baba, babu wurin zama. A kan taga na yini."

"A wane ajin?"

"Sayans. Malamin ya ce duk wanda ya zo daga baya ya kawo kujerarsa."

Da mai gadin dare ya karɓe ni na biya wurin wani kafinta a Nasarawo, na kwatanta masa tsawonta da hannu. Ranar Laraba na ɗauro kujerar a bayan keke, ta karɓa a get ta shiga da ita a ka.

Yanzu tana aji biyar. Waɗanda suka fara tare suna shirin jarrabawar fita. Ta ce lissafin ya fi yadda ta zata wuya, akwai zangon da ta zo ta goma sha ɗaya. Ba ta koma fili ba, ko da malamin wasanni ya aika mata cewa Laraba babu lab. Magana tsakaninmu ba ta ƙaru sosai ba. In wata takarda ta zo daga makaranta takan kawo mini ta karanta da ƙarfi tun daga sama har ƙasa, ta fassara, sannan ta tsaya har sai na ce na ji. Ban sani ba ko taimakona take yi ko tuna mini take yi, kuma ba abu ne da zan iya tambayarta ba.